Ruwan Jos: Ido ba ya ganin abin da ke cikin rijiya

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A batun ruwan sha dai ido bai san komai ba. A unguwanninmu na Jos, daga Gangare har Anguwar Rogo, uwargida kan ɗaga ruwan da ɗan garuwa ya juye mata, ta ga ya yi garau, ta ce alhamdu lillahi. Daga ina ya ɗebo, ba ta tambaya, shi ma ba ya faɗa.

Babbar matsalarmu ita ce kashin ɗan'adam, ko da faɗar ba daɗi. Gidaje sun cunkushe, rijiya na kusurwa, shadda na ɗaya kusurwar, tsakaninsu bai fi taku goma ba, alhali masana na so a bar wajen mita 30. Da damina ta sauka, ruwan masai ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya tarar da rijiya. Daga nan kwalara da taifot da ciwon shawara ke shigo mana. Ga kuma guga da ake yarwa a ƙasa, kaji su taka, a sake zura shi. Wannan kam da sauƙi: a tafasa ruwa ko a sa kulorin, a rufe bakin rijiya. Alif da muke jefawa a randa laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Abin da ya fi damuna shi ne dattin da wuta ba ta iya masa. Dalma ba ta ƙonewa. In ka daɗe kana tafasawa, ruwan ne ke raguwa, gubar na nan. Ba ta da ɗanɗano, tana taruwa a jikin yaro ta daƙushe masa ƙwaƙwalwa, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara kusan 400. Mu kuwa muna zaune a ƙasar kuza, kududdufan da masu haƙa suka bari tun zamanin Turawa na nan birjik daga Bukuru zuwa Barkin Ladi, ana noman rani da su, ana shayar da dabbobi.

Haka sinadarin naitiret na takin zamani, wanda ke hana jinin jariri ɗaukar iska har leɓensa ya yi shuɗi. Haka fuloraid, wani sinadari da ke narkewa a ruwa daga duwatsun ƙasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita, kuma duk wanda ya san Langtang ya ga haƙoran da suka rine saboda yawansa a ruwan ƙasa.

Shi ya sa nasihar "ku tafasa ruwa" da ake yi a rediyo ba ta ishe ni ba. Talaka zai iya hura gawayi, amma ba shi da ɗakin gwaji. Kowa na haƙa burtsatse yana sayar wa 'yan garuwa, har da masu ƙulla fiya wata. Ya kamata gwamnatin Filato ta wajabta gwada ruwan duk burtsatsen da ake sayarwa aƙalla sau ɗaya a shekara, a manna sakamakon a jikin tanki da Hausa, inda mai tura kura da mai saye za su gani.