Matasan Marwa, wa zai kwashe sharar lungunanmu?

'Yan uwana matasa, Allah Ya yi muku albarka. Kullum kukanmu ɗaya ne, babu aikin yi. Gaskiya ne aikin gwamnati ya yi wuya, wanda ya zauna jarrabawa sau biyu sau uku bai samu ba ya san ɗacin abin. Amma ina jin ciwon yadda muke zaune a majalisa muna shan shayi, bola tana cinye bakin titi a gabanmu, sannan idan wani yaro ya wuce da buhu yana tsince-tsince mu bi shi da "ɗan bola". Shi fa da guminsa zai ci abincin dare, mu kuma sai mun jira tukunyar gida.

Ku leƙa kogin Mayo Kaliao da rani, lokacin da ruwa ya ƙafe. Yashi ne da leda, da robar ruwa, da tsumma, da tokar murhu. Damina na sauka duk wannan ya toshe magudanai, ruwa ya shiga ɗakuna, sauro ya samu wurin haihuwa. Waɗanda suka ga kwalarar 2010 a wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Ku tambayi mahauci kuma abin da yake tararwa idan ya farke tumbin akuyar gari: dunƙulen leda baƙi ƙirin, ya nannaɗe kamar igiya, dabbar tana ta rama mai ita bai san dalili ba. Tun 2014 dokar hana siririyar leda ta fara aiki a Kamaru, amma har yau ko ƙosai ka saya a ciki za a zuba maka.

Kamfanin HYSACAM, wanda aka kafa tun 1969, yana kwashe shara a manyan tituna. Sai dai babbar mota ba ta shiga lungu. Tsakanin ƙofar gida da wurin da mota take tsayawa akwai tazara, kuma a nan sana'ar take. Samari uku ko huɗu, da kura ɗaya, da shebur da manjagara, su yi yarjejeniya da magidantan layi a kan kuɗin wata, da sanin mai unguwa. Matan gida da suke aika ƙananan yara su zubar da shara a kwata za su fi kowa murna.

Kada ku kwashe ku zubar kawai, ku ware. Ƙarfe yana da masu saye a kilo. Gwangwanin alminiyom maƙera ke narkawa su zuba tukwane. Ruɓaɓɓen kayan miya, toka da kashin dabbobi, idan aka tara aka bari suka ruɓe sosai, taki ne da masu lambun albasa suke nema, musamman yanzu da takin zamani ya yi tsada. Ledar ma a Yawunde an narka ta da yashi an yi bulon shimfiɗa a hanya.

Don Allah wanda zai fara ya nemi safar hannu mai kauri da takalmin roba, domin a cikin bola akwai fasasshiyar kwalba da tsohuwar allura. Ya yi rigakafin tetanus a asibiti. Kada ku cinna wa tulin leda wuta, hayaƙinta yana lalata ƙirji, tsofaffi da jarirai ne suke fara jigata. Kuma kada ku ɗora aikin a kan almajirai ƙanana don ku biya su kaɗan, ku da kuke da ƙarfi ku riƙe kurar da hannunku.