Kuɗina ne, amma sai na saye su

Tun ƙarfe takwas na safe nake kan layi a banki jiya. Dubu ɗari nake son cirewa in sallami yaran shago. Sai gab da azahar na isa kanta, yarinyar ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce dubu ashirin kawai za a ba ni, wai babu kuɗi. Na'urorin ATM huɗu a waje, duk a mace.

Ban bar harabar ba sai ga wata jif mai baƙin gilashi, ɗan sanda a gaba. Manaja da kansa ya fito da sauri yana "ranka ya daɗe, Honarabul", aka bi da su ta ƙofar baya. Minti goma ba a yi ba aka fito da gana-masgo biyu, sai nishi mai ɗauka yake. Ashe akwai kuɗin, mu ne dai ba mu da fuskar karɓa! Haka na tsallaka titi wurin mai POS, ya yanke dubu biyu kafin ya miƙo mini sauran dubu tamanin. Gumina, amma sai da na saya.

Wallahi abin ya ishe mu. Ku tuna canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya sanar za a sauya takardun naira dubu ɗaya, ɗari biyar da ɗari biyu, aka yi ta gaya mana za a karya masu sayen ƙuri'a. Wa aka karya? Mu ne muka kwana a bakin ATM, mai tumatir ya zubar da kayansa don babu mai tsaba a hannu. Ni dai ban ga ɗan takara ko ɗaya a layin nan ba. Da gwamnonin Kaduna, Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli kan canjin kuɗin ma, hukuncin sai ranar 3 ga Maris 2023 ya fito, bayan an gama zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu. Kuma shi wannan gwamnan Babban Bankin, yana kan kujerarsa aka saya masa fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC, naira miliyan 100, a Mayun 2022. Mai riƙe da makullin baitulmali yana hangen Villa, to wa zai tsawata wa wa?

Ni da na nemi rancen dubu ɗari biyar in ƙaro kaya, takardar fili suka ce in kawo, da mutum biyu masu tsaya mini. Shekara tara ina ajiya a wurinsu, ana ta zaftare mini kuɗin saƙo da na kula da kati. Amma je ka bikin ɗiyar wani Honarabul ka ga sababbin kuɗi a leda, ko bandir ba a kwance ba, ana liƙi ana tattakawa. Daga wace kanta suka fito, tunda mu an ce mana babu?

Ranar Litinin an ce in dawo da wuri, wai ko Allah zai sa a samu.