Masu haƙa kabari ne suka fara faɗa mana gaskiya

Duk shekara idan Afrilu ya kama, zafin Kano ya fara dukan kwanon ɗaki tun hantsi, sai 2020 ta dawo mini sabuwa fil. Na daɗe ina son rubuta wannan magana, yau dai zan fitar da ita, don na ga mun shafe ta daga hirarmu kamar ba a garinmu aka yi ba.

Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Ranar 16 ga wata gwamnatin Ganduje ta rufe gari. Ba a yi mako guda ba, wurin gwaji ɗaya tilo da ke jihar, wanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya dakatar da aiki na ɗan lokaci. Azumi ya shigo ranar 24, sannan ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano kullen mako biyu. A tsakanin waɗannan ranaku ne dattawa suka fara faɗuwa. Farfesa Ibrahim Ayagi ya rasu, Farfesa Balarabe Maikaba ya rasu, Sarkin Rano ya bi su a farkon Mayu. Waɗannan su ne aka ji sunansu a rediyo. Sauran kuwa, limaman unguwa da tsofaffin 'yan kasuwa da iyayenmu mata, sai dai ka ji sallama a ƙofar gida da asuba: "Wane Allah ya yi masa rasuwa, jana'iza ƙarfe tara."

Baffana yana cikinsu. Shekara goma sha wani abu yana fama da ciwon suga, kuma mutum ne mai kula da kansa, katin asibitinsa kullum yana aljihun gaban rigarsa tare da carbi. A farkon azumin nan zazzaɓi ya kama shi, kwana biyu numfashi ya fara yi masa wuya. Babu adaidaita a titi. Wani maƙwabci ya ba mu aron mota, muka kwantar da shi a baya, kansa a cinyata. Asibitin kuɗi na farko da muka je a rufe yake da kwaɗo, maigadi ya leƙo ta kafar ƙofa ya ce likita ba ya nan. A na biyu wata nas ta fito, ta tsaya can nesa, da takunkumin atamfa da tela ya ɗinka mata. Ta ji yadda Baffa ke jan numfashi, sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Malam, ku yi haƙuri, wallahi ko safar hannu ba mu da ita." Ta rubuto lambar waya a guntun takarda, ta ajiye a kan bonet don kada hannunmu ya haɗu. Na kira lambar har cajina ya ƙare. Muka juyo gida. Kafin a kira sallar asuba ya cika.

Har yau ban riƙe matar nan a zuciya ba. Ita ma uwa ce, an tura ta bakin wuta hannu rabbana. Likitoci da ma'aikatan jinya da yawa sun kamu a Kano a watannin nan, wasu sun rasa ransu.

Abin da ya tsaya mini shi ne maƙabarta. Da muka isa, sai da muka jira layi. Tsohon da ke haƙa, gatari a kafaɗa, ya nuna mini jerin sababbin kaburbura, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba, ya ce, "Ɗana, tun ina saurayi nake aikin nan, ban taɓa ganin mako irin wannan ba." Shi da ire-irensa a Ɗandolo da sauran maƙabartun birni su ne suka fara gaya wa 'yan jarida cewa wani abu yana faruwa. A lokacin gwamnatin jiha cewa ta yi hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya fito da sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, an kai lokacin da ake binne 43 a rana, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen mai yiwuwa korona ce ta jawo su. Fiye da rabi a gida suka cika, kamar Baffa. Sauran da ba korona ce ta kashe su ba fa? Masu suga da hawan jini ne da ciwon ƙoda, waɗanda cutarsu ta yau da kullum ta tashi, suka je ƙofar asibiti suka tarar da ita a rufe. Su ma annobar ce ta ci su, ko da ƙwayar cutar ba ta taɓa shiga jikinsu ba.

Ku duba fa. Birni mai miliyoyin mutane, amma sai da mai gatari ya yi magana aka san ana mutuwa. Ba ma rubuta mutuwa. Musulmi ne mu, muna gaggauta binne mamacinmu, kuma haka ya dace. Sai dai babu abin da ya hana mai unguwa ko kwamitin maƙabarta rubuta suna da shekaru da abin da mutum ya yi fama da shi, a riƙa aika lissafin ga hakimi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma duk mako. Da akwai wannan, da tun kwana uku na farko an ga lissafi ya tashi. Mako biyu aka ɓata ana gardama ko ana mutuwa ko ba a yi.

Na san abin da wasu za su ce: mutanenmu ne ba su yarda akwai cutar ba. Gaskiya ne. Na ji da kunnena yara suna bin mai takunkumi suna ihun "babu korona", na ga an cika fili ana ƙwallo ranar kulle. Amma mu tambayi kanmu daga ina rashin yardar ya samo asali. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har wasu ƙasashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan ka zo ka ce wa mai turin baro da mai sayar da ruwa a kura, wanda sai ya fita da safe za a ɗora tukunya da yamma, ya zauna a gida cikin azumi, ba ka kai masa ko mudun gero ba. Da Oktoban 2020 ta zo aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, jama'a suka ga buhunan tallafin korona jibge. Wa zai ƙara yarda da sanarwar rediyo bayan wannan?

Ga kuma almajirai, da gwamnonin Arewa suka riƙa lodawa a motoci ana mayar da su jihohinsu a tsakiyar annoba. A Kaduna an gwada waɗanda aka kai daga Kano, da yawa suna ɗauke da cutar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana fita daga garin da annoba ta sauka, ya hana shigarsa. Mu da muka taso da wannan hadisi, mu ne muka kwashi yara daga gari zuwa gari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da maganin matsalar a hannu. Bayan rikicin 2003, me ya dawo da iyaye kan rigakafin shan inna? Sarakuna ne da malamai suka shiga. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Hakimai suka ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda suka san kowane gida da kowace mai jego, suna shiga har tsakar gida inda namiji ba zai shiga ba. Da wannan aka kai ranar 25 ga Agustan 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da shan inna na asali. Ko Ebola ta 2014, da ta tsaya a mutum 20 a Najeriya, takwas suka rasu, da ƙwarewar ma'aikatan shan inna aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar. A makonnin farko na korona kuwa, sai muka fara da shingen jami'an tsaro a titi da taron manema labarai da Turanci. Mai unguwarmu a rediyo ya ji labarin kulle, kamar kowa. Mai kemis ɗin bakin layinmu, wanda shi ne likitan farko na gidaje fiye da ɗari, babu wanda ya zo ya gaya masa alamomin da zai lura da su, ko inda zai tura mai sarƙewar numfashi.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, mafi yawansu yara ne da ba a yi musu rigakafi ba, alhali allurar tana nan kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Kwalara kuma ba ta daina ziyartarmu da damina ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Wannan faɗa ne da ya kamata mu ci gaba da yi da 'yan majalisarmu. Amma rubuta mamata ba ya jiran kasafi.

Bayan arba'in ɗin Baffa na sayi babban littafin rajista mai bangon kwali, na kai wa mai unguwarmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a riƙa rubuta mana duk wanda aka yi wa sutura a unguwar nan." Ya karɓa da hannu biyu, ya sa ɗansa ya ja layuka: suna, shekaru, rana, ciwo. Sunan Baffa ne a layin farko, Allah ya jiƙansa. A gurbin ciwo mai unguwa ya ɗaga kai ya dube ni, na ce a rubuta suga da sarƙewar numfashi, a ƙara da cewa an je asibiti biyu ba a karɓe shi ba.