Kogin da Ya Yi Ƙaura Ya Bar Gari

Teburin mai shayi, bayan sallar isha'i. Ɗan Boko ya zo hutu daga Amurka, da hular sanyi a kansa ana wannan zafi. Alhaji Bakano da Jauro Bafillace suna kan benci.

ALHAJI: Kai yaro, shekara uku kana Amurka, ko hoton dogon bene ɗaya ba ka turo ba. Anya ba a Kwatano ka maƙale ba?

ƊAN BOKO: Kawu, ni a Omaha nake, jihar Nebaraska, can tsakiyar ƙasar.

JAURO: Umma wa?

ƊAN BOKO: Omaha, Baffa. Sunan wata ƙabila ce ta 'yan asalin wurin. A 1854 aka kafa garin.

ALHAJI: Jiya-jiya ke nan. Lokacin ganuwar Kano ta yi jikoki. Mutum nawa ne a ciki?

ƊAN BOKO: Ƙidayar 2020 ta ce 486,051.

ALHAJI: Har da ɗaya a sama! Wane bawan Allah ne wannan ɗayan? Mai shayi, ƙaro min madara, rubuta a littafi. Rabin miliyan ma bai cika ba ake ce masa birni? Wannan ai 'yan kallon hawan daushe ne.

ƊAN BOKO: Cikin gari ke nan. In aka haɗa da kewaye, gundumomi takwas ne, biyar a Nebaraska, uku a jihar Ayowa. Jimilla sun haura 960,000.

ALHAJI: Au, har aron mutane kuke yi a maƙwabta don lissafi ya cika?

ƊAN BOKO: Ba aro ba ne. Su inda mutum yake kwana da inda yake neman abinci suke dubawa. Mutumin garin Kansul Bulofs a Ayowa yake kwana, da safe ya tsallako Kogin Misuri ya zo aiki Omaha, da yamma ya koma. Sai a lissafa su wuri ɗaya.

ALHAJI: Madalla da wannan doka. To a rubuta mana Zariya gaba ɗaya, tunda kullum suna Kantin Kwari.

JAURO: Ku bar zancen mutane, mutum ko'ina akwai shi. Shanu fa?

ƊAN BOKO: Baffa, riƙe kofinka da kyau. Duk jihar Nebaraska mutanenta ba su cika miliyan 2 ba a 2020. Shanu kuwa wajen miliyan 6.

JAURO: (ya ajiye kofin a hankali) Kowa da uku? Har jariri?

ƊAN BOKO: A lissafi dai. A 1955 karar Omaha ta doke ta Shikago, ta zama kasuwar dabbobi mafi girma a duniya. Amma an rufe ta a 1999.

JAURO: Inna lillahi! Wa ya yi musu baki?

ALHAJI: Ƙauye ne dai mai shanu. Akwai attajiri ko ɗaya?

ƊAN BOKO: Warren Buffett, yana cikin manyan masu kuɗin duniya. Gidan da ya saya a 1958 kan dala 31,500, a nan ya yi zamansa bai sake wani ba.

ALHAJI: Ko bene bai ɗora wa amarya ba? Wannan ba tawali'u ba ne, rowa ce. Mai shayi, soya min ƙwai biyu, rubuta.

ƊAN BOKO: Abin da ya fi ɗaure min kai ranar da na sauka ne. Daga filin jirgin sama na Omaha aka ɗauko ni za mu cikin garin Omaha, sai ga allo a bakin titi wai mun shiga Ayowa. Ba mu hau gada ba, ba mu ga ruwa ba. Na ce shi ke nan, direba ya sayar da ni.

JAURO: Aljanu ne.

ƊAN BOKO: Kogi ne, Baffa. Wurin sunansa Kata Lek, mutanensa ba su kai 4,000 ba. Da can Misuri ya yi wani lanƙwaso ya zagaye shi, yana ɓangaren Ayowa. A 1877 aka yi ambaliya, kogin ya yanke hanya ya miƙe. Gari ya waye, ƙasar tana ɓangaren Nebaraska.

ALHAJI: Ta zama tasu mana. Tsuntsu daga sama gasasshe.

ƊAN BOKO: Haka 'yan Nebaraska suka ce. Aka kai Kotun Ƙoli, a 1892 ta yanke hukunci: in kogi ya riƙa cin gaɓa a hankali, iyaka tana binsa. In kuwa tsalle ya yi farat ɗaya, iyaka tana nan inda take. Har yau wurin na Ayowa ne.

MAI SHAYI: Alhaji, tunda ana maganar lissafi, littafin nan ya cika. Wata uku ke nan.

Alhaji ya miƙe, ya ɗauki kujerar roba, ya tsallaka kwata, ya zauna a ɗaya gefen da ƙwansa a hannu.

ALHAJI: Nan kuma ba hurumin teburinka ba ne. Ka nemi mai bashinka a wancan ɓangare.

MAI SHAYI: Ɗan Boko, me kotun nan ta ce?

ƊAN BOKO: Tsalle farat ɗaya ba ya canja iyaka. Kawu, kana cikin littafi.

Alhaji ya yi shiru. Ya dawo da kujerar, ya zauna. Can sai aka ji ƙiii, ƙafar kujera ta ja ƙasa kamar taku ɗaya.

MAI SHAYI: Alhaji, ina kuma za ka?

ALHAJI: Babu ko'ina. A hankali nake cin gaɓa.