A Ingila suna sauya suna, a Sakkwato ko sunan ba mu tambaya

Shekarata ta biyu a Manchesta aka yi cigiyar wanda zai riƙa biya wa yara karatu ranar Asabar a Islamiyyar unguwarmu. Na ce ga ni. Sai aka miƙo mini fam ɗin binciken DBS, hukumar da ke duba ko mai son aiki da yara yana da tarihin laifi: in rubuta duk sunan da na taɓa amsawa, da duk gidan da na zauna cikin shekara biyar. Raina ya sosu. Ni da na yi sauka tun kafin in shiga sakandare, sai an tantance ni kamar ɓarawon akuya?

Daga baya na ji tushen abin. A 2002, a garin Soham, wani mai kula da harabar makaranta, Ian Huntley, ya kashe yara mata biyu 'yan shekara goma. Da sunan Nixon ya nemi aikin, kuma zarge-zargen lalata da aka sha yi masa a wani yanki ba su biyo shi ba. Dokar 2003 ta ce duk wanda ke cikin rajistar masu laifin lalata, in ya sauya suna, ya sanar da 'yan sanda cikin kwana uku, in ya ƙi yana iya shan ɗaurin shekara biyar. A takarda abin ya yi kyau. Amma wa zai kai rahoton? Shi mai laifin da kansa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ga shi sauya suna a nan ba wuya: takarda ce da sa hannun shaidu, daga nan sabon lasin tuƙi, sabon fasfo. 'Yar majalisa Sarah Champion ta yi shekaru tana kwakwazo a kan wannan ɓaraka.

Ina cikin jinjina sakacin Turawa sai muka yi waya da yayata a Mabera. Ta ce sun samo mai lesin yana zuwa bayan la'asar. Na ce yaya sunansa? Ta ce, "Malam muka ce mishi." Ɗan ina ne? "Kai ƙanena, mi kaka nema ga mutane? Mutumin kirki na, ga masallaci anka same shi."

Ban ce bawan Allahn nan yana da wani aibi ba, ban san shi ba. Ita ma ba ta san shi ba, abin da ya dame ni ke nan.

A gida mugu ba ya buƙatar wahalar sauya suna. In ya so, afidabit ce a kotu da 'yar sanarwa a jarida cikin ɗaruruwan irinta da ba mai karantawa. Amma me zai kai shi? Bello nawa ne a layi ɗaya, Abubakar nawa? Sunan ƙarshe kuma galibi na gari ne, Shagari, Tambuwal, Wamakko, Gwadabawa. Yau ka jingina da garin uba, gobe da na uwa, ba mai cewa uffan. Da can abin da ke tsare mu shi ne kowa ya san gidan kowa. A Kanwuri ko Ƙofar Rini, kafin baƙo ya ajiye jaka an san kakansa. Yanzu gari ya buɗe har ya wuce Arkilla, ga 'yan'uwa da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni, ga 'yan haya masu tashi duk shekara. Sanayyar ta ragu, amma yardar tana nan yadda take.

Dokoki kuwa muna da su. NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a 2019, Gwamna Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara a 2021. Sai dai rajista ba ta ɗaukar sunan da bai je gaban hukuma ba, mu kuma namu maganganun a zaure suke mutuwa. A taru, a ce a rufa asiri, yarinya ce, gobe aure za ta yi. Shi ya naɗe tabarmarsa ya koma wata unguwa da rawaninsa da sunansa, ya sami wasu yaran.

Ba na cewa a kwaso tsarin Ingila a jibge mana, su ma ga shi yana yoyo. Muna da abin da ya fi suna ƙarfi: lambar NIN da hoton yatsa, wanda ba ya sauyawa da rantsuwar kotu. A ɗaura rajistar a kansa, a wajabta wa kowace makaranta, ta boko da Islamiyya, ta duba kafin ta ɗauki malami, maigadi ko direba. Mai Keke Napep da ke kwasar yara da safe ma ya shiga lissafi.

Bayan sati biyu yaya ta turo mini saƙon murya. Ta sa maigidanta ya tambayi malamin cikakken sunansa da inda ya koyar a baya, bai ji haushi ba, har lambar tsohon shugaban makarantarsu ya bayar. Lesin kuma ta dawo da shi daga zaure zuwa tsakar gida, gindin darbejiya, inda take tsintar shinkafa.