Kamannin Haruffa a Kalmomin Ingilishi Ba Ya Nufin Ma'anarsu Ɗaya

Masu koyon Ingilishi da yawa suna ɗauka cewa duk kalmomin da suka yi tarayya a wasu haruffa sun fito daga tushe ɗaya, amma kama da wane ba wane ba ne. Kalmar "female", wato mace, tana ɗauke da "male", wato namiji, har mutum ya zaci an gina ta a kanta. Alhali kuwa ta farko ta fito ne daga kalmar Latin "femella", ta biyu kuma daga "masculus", kuma daga baya ne masu rubutu suka sauya ƙirar ta farko don ta yi kama da ta biyu.

Inda kuskuren ya fi haɗari, a ganina, shi ne a ɗafa-goshin "in-", wato ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, wanda sau da yawa yake kore ma'ana, kamar a "invisible", abin da ido ba ya gani. Wanda ya dogara da wannan zai fassara "inflammable" da abin da ba ya kama wuta, alhali ma'anarsa abin da ke saurin kama wuta, shi ya sa masana'antu da dama suka koma rubuta "flammable" a jikin kayansu.