Wasan kunkuru da tsawar Oklahoma

Ranar Asabar ta farko da na yi a Oklahoma ta ƙasar Amurka, ƙarfe 12 na rana daidai sai ga jiniya ta ɗauka gari gaba ɗaya, wallahi na suri yarinya na suri jakar fasfo ina neman hanyar gudu, ina leƙawa ta taga sai na ga maƙwabcinmu yana yankan ciyawarsa ko a jikinsa. Ashe gwaji ne, duk Asabar haka suke yi in dai sama garau take. Garin ne Allah ya haɗa shi da mahaukaciyar guguwar nan tonado, a watan Mayun 2013 ta afka wa garin Moore da ke nan kusa da mu ta kashe mutum 24, bakwai daga ciki yara ne a firamare guda, to kun ga ba za su yi wasa da maganar ba.

Amma kuma da wasan suke koya wa yara, abin da ya ɗaure min kai ke nan. 'Yata shekararta huɗu, ranar nan na je ɗaukarta na tarar malamarsu ta zaunar da su a da'ira wai suna haɗa hadari. Da farko kowa na murza tafin hannu, iska ke nan, sai a koma ƙyasta yatsu yayyafi ya fara, sai bugun cinya ruwa ya kece, sai dukan ƙasa da ƙafa ajin ya ɗauka kamar rufin kwano a watan Agusta. Malama ta kashe fitila ta kunna, walƙiya, yara su fara ƙirge da waƙa har sai ta doka ganga. In gangar ta yi ƙara kowa ya ruga ya shige ɗan ɗakin kwali da suka yi a lungu. Akwai kuma wasan kunkuru, a durƙusa a dunƙule a sa hannu biyu a rufe ƙeya, wanda ya fi kowa iya kunkuru a tafa masa. Ita yarinyar ba ta ma san darasi ake ba, dariya kawai take.

Ƙirgen nan fa ba shirme ba ne. Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, duk sakan uku tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa kusan kilomita ɗaya ne tsakaninka da ita. Kuma ƙa'idarsu in dai kunnenka ya ji tsawa to tana iya kai maka, a shige gini, kar a fito sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe.

Sai na tuna namu a Katsina. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura da ledoji, Inna na kwaɗa kira a kwashe shanya a ɗaure awaki a jera bokitai ƙarƙashin indararo. Tsawa na farawa sai a rufe madubi da zane, mai jan kaya ya tuɓe, a kashe rediyo, kowa ya yi tsit. Ka tambayi dalili a ce rufe min baki. Mu dai mun tashi da sanin aradu abar rantsuwa ce, mai faɗa wa ɓarawo da maƙaryaci, har yau da girmana in ta yi ƙara sai na ji kamar akwai laifin da na yi. Amma babu wanda ya taɓa ce mana kar ku fake a gindin bishiya, alhali nan ne manomi da ɗan kiwo ke fara nufa, kuma nan yana cikin wuraren da suka fi haɗari. Ruwa na tsagaitawa mu fice wasa a lambatu da bakin kududdufi, ga shi ruwa mai gudu ko santimita 15 ne zurfinsa yana kayar da babba balle yaro.

Ba wai na ce nan sun fi mu komai ba fa. Yaran nan ba su san sama ba, sai waya ta yi ƙara suke sanin hadari na tafe, Inna kuwa ƙamshin iska kawai za ta shaƙa ta ce wannan na mutanen yamma ne ba namu ba, kuma haka za a yi. Sannan muna da addu'a, Subhanallazi yusabbihur ra'adu bi hamdihi, wadda ke kwantar wa yaro hankali fiye da kowace ganga. Kuma ta yaya muka haddace ta? Da rerawa a Islamiyya, malam ya ja mu amsa. To mutanen da ke da gaɗa da tashe da karatun allo, waye zai koya musu sa magana a bakin yaro da waƙa? Baiti huɗu kacal ake buƙata, bar bishiya, bar fili, bar ruwa mai gudu, shige ɗaki, a sa masa tafi irin na gaɗa, kafin damina ta yi nisa duk yaran layi sun iya. Na yi wa ƙanwata mai koyarwa a nazire maganar, ta ce Yaya ke dai rubuto, ni kuma ban iya waƙa ba, don haka duk wadda Allah ya hore wa ta taimaka.

Makon jiya da daddare jiniyar gaske ta tashi, muka shige banɗaki tunda shi ne ba taga, yarinya ta yi kunkurunta a cikin baho tana karanto addu'ar da gwarancinta, rabi daidai rabi nata. Da safe na ba Inna labari a waya, ta yi mana barka ta sa albarka, can sai ta ce to banɗakin naku ba madubi ne a ciki, kun rufe shi kuwa?